Hannun Ɗantani

Ranar da aka binne hannun Ɗantani a Kashin Zama, Gudiya ba ta sa komai a bakinta ba. Tana kwance rub da ciki a gadon Gwaggo Amariya, tana jin takun maza suna fita daga zaure. Mahaifinta, Malam Jelani, shi ne a gaba, riƙe da ɗan ƙunshin farin ƙyalle da bai fi tsawon ludayi ba.

Ba a yi wa ƙunshin salla ba. Malam ya ce ba a yi wa hannu salla, amma ɗan Adam ɗan Adam ne ko da yatsa ɗaya ya rage, ba a barinsa cikin albasa.

Cikin albasar kuwa aka same shi.

Arzika ne ya gano shi. Arzika dillalin albasa ne mai kai lodi Kurmi, kuma tun Gudiya ba ta tafi makarantar koyon aikin lafiya ta Jega ba yake nemanta. Ya zo duba rudun Malam, wato rumfar karan nan da ake ɗagawa bisa itatuwa a shimfiɗa albasa ta sha iska. Dillali ba ya duba ta sama, don ya san manomi masu kyau yake ɗorawa a sama. Sai ya naɗe hannun riga ya zura hannunsa can ƙasa yana laluben ruɓaɓɓiya.

Ya ji yatsu sun shiga tsakanin nasa.

Mutumin da yake ba da labarin yadda ya kwana a daji da mota ta lalace tsakanin Kontagora da Mokwa, ranar sai ga shi zaune cikin kwata, hula a gefe, yana kiran sunan uwarsa. Da jama'a suka taru aka jawo abin, sai ga ƙasusuwan hannun mutum, fari fat, tun daga wuyan hannu har kan yatsu, an ɗinke su da siririyar waya. An naɗe su cikin kallabi mai ruwan bula.

Kallabin nan Arzika ne ya sayo wa Gudiya shi daga Ikko. Ba ta taɓa ɗaura shi ba. Da alama wannan ya fi hannun yi masa ciwo.

Sau ɗaya Malam ya tambaye ta wanda ya ba ta. Ta ce ita ta ɗauko daga makaranta, ita kaɗai. Ya dube ta ya daɗe, irin duban da yake yi wa allo idan ya ga an tsallake aya. Sannan ya ce maganar zuwan mutanen Andarai neman aurenta a dakata da ita har sai ya san gaskiya.

Ya tashi ya nemo ƙyalle.

*

Shi Ɗantani ba mutumin Kashin Zama ba ne, ba kuma na Jega ba. Ƙwarangwal ne da ke rataye jikin sandar ƙarfe a kusurwar ɗakin da ake koya wa 'yan shekarar farko ilimin halittar jikin ɗan Adam. Ma'aikatar lafiya ta aiko da shi daga Sakkwato cikin akwati tun kafin su Gudiya su shiga. Ɗaliban farko suka laƙaba masa suna, sunan ya bi shi. Ana ɗaura masa hula ran Juma'a, ana gaishe shi da safe, wanda ya faɗi jarrabawa kuma yakan je ya kai masa ƙara.

Gudiya ta fi kowa kai ƙara.

Ba don ba ta da kai ba. Zagayawar jini ta zauna mata daram, ta san ɗakunan zuciya huɗu kamar ɗakunan gidansu. Ranar da aka yi darasin mahaifa kuwa ba ta ɗaga kai daga takarda ba, don wajen haihuwa ta rasa uwarta, kuma dalilin da ya sa Malam ya toshe kunne daga surutun dangi ya bar ta ta tafi Jega ke nan. Ƙasusuwa ne suka gagare ta, musamman 'yan ƙananan nan guda takwas na wuyan hannu. A littafi duk kamarsu ɗaya, kamar an zubar da tsakuwa, ga sunaye na Latinanci masu harɗe harshe. Malaminsu, wani Ba'indiye mai ƙaramin haƙuri, ya ce wanda bai iya nuna su ɗaya bayan ɗaya ba bayan hutu zai maimaita shekara.

Hayatu kuwa, ɗan Andarai ta wajen Maiyama, shi ne monita, makullin ɗakin a aljihunsa yake kwana. Dogon yaro ne mai sanyin magana, wanda idan kunya ta kama shi sai ya hau gyara agogon da ba shi da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya kama wuyan hannunta ya danna ya ce, "Ga wannan, ga wancan." Sauran samari na ajin haka suke yi, wasu ma har su zarce inda babu ƙashin da ake tambaya. Hayatu ya miƙa hannu sau ɗaya, ya tsaya a iska, ya mayar aljihu.

Sai ya jawo hannun hagun Ɗantani ya sa tsakaninsu.

Ita ta riƙe yatsu, shi ya riƙe sama da wuyan hannu. Ya ce ta manta da sunayen tukuna ta dubi kama. Wannan kwalekwale ne. Na kusa da shi jinjirin wata. Ga ɗan ƙarami kamar ƙwayar gurjiya yana zaune a kan ɗan'uwansa. Ga mai ƙugiya.

Haka suka yi zango guda. Ana cewa soyayya daga ido take farawa, amma masu faɗar haka ba su ga waɗannan biyu ba, waɗanda kowannensu idonsa ke kan ƙashi. Idan ya juya hannun, sai motsin ya bi waya ya iso yatsunta. Idan ta ɗan ja, ya ji. Ba su taɓa yin maganarsa ba.

Da hutu ya zo, Hayatu ya riga ya je ya gai da Malam, Malam kuma ya ce ba ya yi wa 'yarsa dole, kawunnan yaro su zo a ji ta bakinsu. A tashar Jega, tana shirin hawa mota, ya miƙo mata wani abu cikin takardar siminti. Wasu samari sabulu suke bayarwa, wasu turare. Shi ya kwance noti ɗaya ya ciro hannun Ɗantani, don ta yi bita a gida, ya zo ya karɓa kafin a koma.

Ta san ba za ta kai shi ɗakin Gwaggo ba, don Gwaggo ba ta barin ƙwarya a kife ba tare da ta ga abin da ke ƙasa ba. Rudun albasa ne kawai wurin da ba mai taɓawa sai farashi ya tashi.

Farashi kuwa ya tashi da wuri a shekarar.

*

Kafin la'asar garin ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce a makarantar Jega gawa ake yankawa ana rabawa ɗalibai. Wasu suka ce ai hannun hagu ne, hannun hagu kuwa na mallaka ne. Amma maganar da ta fi tafiya ita ce ta bakin rijiya: yaron Andarai ne ya yi mata asiri da hannun matacce, in ba haka ba wace mai hankali za ta bar mai lodin mota ta bi ɗan makaranta mai takalmin roba?

Ba wanda ya tsaya ya tambayi wane boka ne yake ɗinke kayan aikinsa da waya har ya rubuta musu lamba da jan alƙalami.

Arzika ya aiko a gaya wa Malam cewa shi bai riƙe komai a ransa ba. Ko da me aka yi mata, yana so, zai kuma kai ta a karya abin da kuɗinsa. Da gaske yake, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Dattawan dangi suka yi ta shiga zaure suna fita, kowa da irin tasa, amma duk a wuri ɗaya suke sauka: ga mutum ɗan gida mai rufin asiri, me ake jira?

Gwaggo Amariya, yayar Malam, ita ta rene Gudiya. Ta haura saba'in, ta binne maza biyu, amma sunan amarcinta na fari bai sake ta ba. Ta shigo da kwanon fura ta dire, ta zauna a bakin gado tana ɓare goro da farce.

"Tashi ki sha. Wanda anka binne bai yi kukan da kike yi ba."

Gudiya ta ƙara cusa fuska cikin matashi.

Gwaggo ta ce ita dai ta ga asiri iri-iri a rayuwarta, kuma duk wanda ta gani mai shi ya ƙare yana biyan boka ne ba tare da ya ga biyan buƙata ba. Da hannun matacce na jawo miji, ai da maƙabarta ta fi kasuwa cika. Abin da take so ta ji ɗaya ne.

"Yaron ga na, ko ba shi ba?"

"Gwaggo, ni na ɗauko."

"Ke da ba ki iya kwance murhin kwalbar manja sai kin kira ni? Ke kinka kwance ƙarhe?"

Gudiya ta tashi zaune, ido ya kumbura. Ta kama hannun tsohuwar ta riƙe.

"In na ce shi na, Baba ba zai sake bari ya tako gidan ga ba. Za a ce abin da ake faɗi a rijiya gaskiya ne. In ni ce, faɗa za a yi min, ko a hana ni komawa Jega. Na yarda a hana ni."

"Ki bar karatun?"

"Na bar shi."

"Karatun da ubanki yay yi gaba da rabin danginai a kansa?"

Nan kukan ya dawo sabo. Cikin shassheƙa ta gaya wa Gwaggo komai, kwalekwale da jinjirin wata, da hannun da ya miƙo ya mayar aljihu. Ta ce ita ba ta san ana son mutum haka ba. Ta ce a littafinsu an nuna jijiyar da ke kai saƙo daga yatsa zuwa ƙwaƙwalwa, amma ba a nuna yadda saƙo ke bi ta hannun wanda ya mutu ya iso wurin mai rai ba, ita kuwa ta ji shi.

Gwaggo ta tauna goronta. Sannan ta ce a zamaninsu, saurayi in yana so ya taɓa hannun budurwa sai ya miƙa mata goro ya ƙi saki da wuri, ba wanda ya taɓa zuwa ya tayar da matacce ya yi masa ɗan aike. Boko dai ya zo da wahala.

Ta share wa yarinyar fuska da gefen zanenta.

"Amma ki san abu guda. Ubanki ba hannun ne yaƙ ƙona mai rai ba. Ƙaryar ki ta."

*

Hayatu bai san komai ba. Ana gab da komawa makaranta ya hau akori-kura daga Maiyama zuwa Jega, daga Jega zuwa Aliero, ya ƙarasa da ƙafa, da 'yar ledar dabino ta gaisuwar Malam. Ya lura mutane na dubansa suna kauce masa a hanya, sai ya ɗauka sabuwar rigarsa ce.

Gudiya na tankaɗe a tsakar gida ta ji sallamarsa. Ta watsar da rariya, ta figi mayafi, ta tare shi a ƙofar zaure kafin ya zauna. Malam na masallaci.

Ta ce masa ya juya yanzu-yanzu.

Ya yi murmushi ya tambaya ko ta haddace ƙasusuwan ne har tana korar malaminta.

"Monita, an binne shi."

Bai gane ba sai da ta maimaita. Ta ga murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya jingina da bango, ya hau laluben agogon da babu.

Ba sai ya gaya mata ba, ta sani. Makulli ɗaya ne, a wurinsa yake. Ba'indiyen nan ranar farko yake ƙirga kayan ɗakinsa, kuma ya taɓa sa an kori wani don gilashin awo guda. Hayatu kuwa gonar gado kawunsa ya jinginar aka sa shi makarantar. In aka kore shi ba shi da fuskar komawa Andarai, balle ta turo mutane neman aure.

"Na ce ni na ɗauka," in ji ta. "A makaranta ma haka zan ce. Zan ce na sace makullin daga aljihunka. Kai dai ka tahi, ka yi shiru, ka bar min."

"A kore ki?"

"Ni mace ce, wa zai ce wani abu? Cewa za a yi dama."

"Shi ya sa ba zan yarda ba."

"Don Allah. In ka buɗe baki mun rasa juna, in ka yi shiru makaranta kawai na rasa. Ka iya lissahi ai, kai ne na ɗaya a aji."

Ya ce wannan lissafin bai iya shi ba. Ya ce duk matar da za ta haihu a ƙauyukan nan nan da shekaru tana da haƙƙi a kan karatun Gudiya, ba nasa ba ne balle ya karɓa kyauta. Ta ce ya daina yi mata wa'azi ya tafi. Hawaye na zuba har kan mayafinta. Ya miƙo hannu kamar zai share, ya tsaya a iska, ya mayar aljihu.

Daga bayansu aka yi gyaran murya.

"In kun ƙare rabon laihin, ku shigo. Ni ma a ba ni nawa."

Malam Jelani ne tsaye da carbi, Arzika a bayansa.

*

Aka zauna. Malam a kan buzunsa, Arzika a dama, Hayatu a durƙushe a gaba. Gudiya ta raɓe daga ciki, bayan labulen kara, Gwaggo kuma ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ita ba tare da kowa ya gayyace ta ba.

Hayatu bai jira tambaya ba. Ya ce shi ya kwance, shi ya bayar, ita ba ta ma roƙa ba.

Malam ya tambayi dalili. Hayatu ya yi bayanin jarrabawa. Malam ya ce ita yarinyar ba ta da wuyan hannu ne a jikinta da za a nuna mata a kai?

Hayatu ya dubi ƙasa.

"Allah gafarta Malam, tana da shi. Ni ne ba ni da izinin taɓawa."

Arzika ya ɗago kai ya dube shi. Gwaggo ta zunguri Gudiya da gwiwar hannu.

Malam bai nuna ya ji ba. Ya koma kan mai hannun. Mi sunansa? Hayatu ya ce Ɗantani suke ce masa. Wa ya raɗa masa, ina aka yanka ragon? Hayatu ya sunkuyar da kai ya ce ɗalibai ne. Ɗan wane gari ne? Ba a sani ba, an dai ce daga ƙetare ake sayo su. Musulmi ne? Ba a sani ba. Ya yarda a rataye shi? Nan ma ba a sani ba.

Malam ya ce to mi aka sani?

Hayatu ya ce an san namiji ne, don ƙugunsa matsattse ne. An san bai tsufa ba. An san ya taɓa karyewa a ƙafar dama ta ɗoru a karkace, don haka mai yiwuwa yana ɗingishi. Kuma duk wanda ya fita daga makarantar yana yi wa yaro allura ba tare da ya taɓa jijiya ba, a jikin bawan Allahn nan ya koya.

Malam ya ja carbi ya ce ashe talaka ne. Mai hali ba ya barin ƙafarsa ta ɗoru a karkace, danginsa kuma ba sa barin a sa shi a akwati.

Ya tashi ya shiga lungun zaure ya fito da dagi. Ya ajiye shi gaban Hayatu, ƙarfen ya yi ƙara a ƙasa.

"Na ji abin da kunka ce a ƙofa. In ba hannu, an kore ka. To yana nan gabas da gari, gindin aduwa, ƙasar ba ta bushe ba. Ga dagi. In ka tono, ba mai hana ka, ni na ce. Ka kai musu abinsu ka ci jarrabawarka. Amma wanda yat tone abin da na binne da hannuna ba ya zama surukina. In ka bar shi, ka san abin da za ka tarar Jega. Ban kuma yi maka alkawarin komi ba."

Gudiya ta toshe baki da mayafi. So take ta ce masa ya bari, so take ta ce masa ya tono. Duk wanda ta zaɓa masa, rabin ransa ne ta yanke.

Hayatu ya daɗe yana duban dagin.

Ya sa hannu ya ɗauka. Ya fita.

*

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka Gudiya ba ta da abin yi sai jira. Ta koma kan tankaɗenta tana kaɗa rariyar da babu gari a ciki. Gwaggo ta ce yaron ya yi abin da mai hankali zai yi, ilimi ba ya zuwa sau biyu, maza kuwa ga su nan kamar albasa. Ta faɗa ne don ta ga ko yarinyar za ta ji sanyi. Da ta ga ba ta ji ba, sai ita ma ta hau kallon ƙofa.

A zaure Arzika bai tafi ba. Ana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana ce wa Malam wannan gwaji ya yi tsanani, shi da za a ba shi irinsa bai san abin da zai yi ba. Malam ya ci gaba da jan carbinsa.

Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida kafin a ji sallama.

Gudiya ta isa bayan labule ba ta san ta taso ba. Abin da ta fara gani dagin ne. Bakinsa duk ɗanyar ƙasa. Ta zame ta zauna.

Hayatu ya jingina dagin da bango ya durƙusa. Sabuwar rigar ta yage a kafaɗa, hannuwansa duk ƙarzuna, wani wurin har da jini.

"Ina hannun?" in ji Malam.

"Yana inda kunka sa shi."

"Ƙasar ga fa?"

Hayatu ya ce da ya je da niyya biyu ya je, ba zai ɓoye ba. Ya tsaya a kan wurin ya daɗe. Sai ya ga sawun kare a gefe, an ma fara ƙwaƙule kusurwa ɗaya. Ramin ƙarami ne, ba shi da zurfi, kuma ba a sa masa ƙaya ba, wataƙila don an ga ba gawa ba ce cikakkiya. Shi ne ya haƙa ramuka ya kafa itace kewaye, ya saro ƙayar aduwa ya lulluɓe.

"Shekara guda muna ja masa hannu muna dariya," in ji shi. "Ban taɓa tambayar ko ɗan wa ne ba sai yau da kunka tambaya. Gobe in je in gaya musu gaskiya."

Arzika ya miƙe ya gyara hularsa, ya zo ya tsaya kan Hayatu. Sai ya ce shi dai tun ranar ko kusa da gindin aduwar nan bai iya bi ba. Ya ce a gaya wa yarinya kallabin ya yafe, tun da ya yi aikin lada. Ya yi sallama ya fita, kafaɗa a sake, bai waiwayo ba.

Malam ya dubi ƙarzunan hannun Hayatu.

"Ni na manta da ƙayar," in ji shi a hankali. Ya ɗaga murya kaɗan. "Gudiya, kawo ruwa da gishiri. Ai an koya muku wanke ciwo."

Ta kawo. Ta ajiye ƙwaryar gaban Hayatu ta ja da baya. Shi ya wanke abinsa.

Malam ya kalli wannan ma. Ya ce yaron da ya gwammace ya kwanto hannun matacce da ya taɓa na 'yar mutane, wawa ne, babu ko tantama. Amma shi ya daɗe yana duba samarin zamani, kuma irin wannan wautar ba ta da yawa a kasuwa. A gaya wa mutanen Andarai su zo. An kore shi ko ba a kore shi ba, su zo.

Ya juya wajen 'yarsa ya ce ita kuma ƙaryar da ta yi masa tana nan ajiye, za su yi maganarta su biyu.

Gudiya ta durƙusa tana kuka tana godiya, ba a rarrabe wanne ne wanne. Yatsanta na kan wuyan hannunta ba ta sani ba, yana bi yana dannawa. Kwalekwale. Jinjirin wata. Ƙwayar gurjiya. Duk suna nan inda ya ce.

Hayatu ya nemi izinin tafiya don ya sami motar Aliero. Malam ya ce ya kwana a zaure, gobe tare za su tafi.

"Tare, Allah gafarta Malam?"

"Tare. Zan gaya wa shugabanku ni na binne, in kora ce ya fara da ni." Ya ɗauki carbinsa ya miƙe, don an fara kiran salla. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalmi da ƙafa. "In mun ƙare wannan, sai ya gaya min ranar da za ku gama da sauran bawan Allahn. Yana can tsaye ba likkafani. Na bar mai wuri gefen hannunai."

Ya fita.

Hayatu ya dubi Gudiya. Gudiya ta dubi Gwaggo.

Gwaggo ta tofar da tuƙar goro ta ɗauki kujerarta.

"Ki yi bitar abin da kinka iya yau, ɗiyata. Gobe ubanki za ya binne muku malaminku Ɗantani."